Lalla Zuhur, Ungozomar Gidan Wanka

Kullum da sassafe, kafin ta buɗe ɗakinta a asibitin unguwa a garin Safru, Lalla Zuhur takan ɗauki bokiti da baƙin sabulu ta nufi gidan wankan mata, inda matan gari ke haɗuwa su yi wankan ruwan zafi. Har tsiya suke mata: "Lalla, wai wace irin dauɗa ce wannan da ba ta fita?"

"Taku ce, ja'irai. Zo ki cuɗa min baya."

To, cuɗar bayan nan ita ce aikin. Mace ta sunkuyo cikin tururi ta raɗa mata abin da ya hana ta barci: ta manta shan ƙwayar tsarin iyali, ko kwaroron roba ya yage wa maigida. Lalla kuwa ba ta ɓoye-ɓoye. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Roba tana karewa ƙwarai, amma takan yage. Ba lallai ciki ya shiga ba, ba kuma zan rantse miki bai shiga ba. Akwai maganin gaggawa, sai dai ba ya jiran mai jan ƙafa. Sa kayanki mu tafi."

Ba haka kawai ta ɗora wa kanta wannan wahala ba. Shekarun baya akwai Batul, matar wani maƙeri, wadda likita ya gargaɗa cewa zuciyarta ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba. Mijin ya yarda, suna kiyayewa, har ranar da tsautsayi ya faɗa wa robar. Da gari ya waye Batul ta rugo asibiti, sai ta tarar da gwaggon mijinta zaune a bencin ƙofa.

"A'a, Batul! Me aka zo nema ɗakin masu tsarin iyali? Kin gaji da haifa mana ne?"

"Wucewa nake, Gwaggo."

Ta wuce ɗin kuwa. Kunya ta riƙe ta a gida har lokacin maganin ya shige, ciki ya zauna. Lalla Zuhur ta yi ta zirga-zirga da ita gun likitoci, amma ina! An sami jaririya, an rasa uwa. Wayyo Batul! Taku kaɗan ne tsakaninta da ƙofar nan.

Ke ce, Lalla, kika ce tunda ido ya hana mata zuwa, ke za ki je inda suke. Inuwar mata, tururi ya cinye miki ƙirji, yau ga shi kin ajiye aiki kina tari. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ma'aikata, ku bi sawunta. Masu zaman benci, don Allah ku riƙe bakinku.

Ranar da mata suka haɗa mata shayin ban kwana, kowa na yabo, ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Ku daina yabona," in ji ta. "Sai da aka binne Batul dabarar ta zo min."