Ni Na Hana Matata Komawa Kwas

A lokacin ina malamin firamare a Safana, matata kuma nas ce a wani ƙaramin asibiti ta wajen Batsari. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin Ruma ne, mutane suka riƙa zuwa asibiti da ciwon da allura ba ta yi masa komai: rashin barci, firgita, wani ma ya daina magana ɗungurungum. Sai aka zaɓe ta aka tura Katsina kwas, ta koyo yadda ake zama da irin waɗannan bayin Allah, a saurare su har su amayar da abin da ke cin su a zuci.

Da ta dawo sai raina ya soma ɓaci. Takan zauna da mutum a ɗaki, ƙofa a ture, kuma ba mata kaɗai ba, har da magidanta. In na tambaye ta me suka tattauna, sai ta ce amana ce, ko ni ba za ta faɗa wa ba. Duk mako kuma sai ta yi waya da likitan da ya koyar da su, yana yi mata gyara a aikin, ina jin yadda take ba shi girma. A kasuwa mutane na tare ni suna sa mata albarka, ni kuwa da na daɗe ina koyar da 'ya'yansu babu wanda ya taɓa tsayar da ni. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai, amma na fake da kishin aure.

Da aka kira su zango na biyu, na ce ba inda za ta. Ta roƙe ni, ta turo yayanta, ta ce in ina so in je in ga aikin da idona. Na ce duk aikin da zai sa matar aure ta keɓe da maza ba da yawuna ba. Ta haƙura, ta koma ɗaure ciwo da awon jini.

Bayan nan wani dattijo ya taso tun daga Yasore ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce ɗansa da aka sako daga daji ya fara cin abinci, har yana fita masallaci, amma tun da matata ta daina zama da shi ya sake kulle kansa a ɗaki. Ya tambaye ni ko rashin lafiya take yi. Ita kuwa tana tsakar gida tana jin mu.

Daga baya na ce mata ta koma, ta ce an riga an ba wata gurbin. Har yau tana mutunta ni, ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ko sau ɗaya ba ta ƙara ba ni labarin asibiti ba.

'Yan uwana maza, in Allah ya ɗaga matarka, ka binciki zuciyarka kafin ka ce kishi kake yi, wataƙila hassada ce. Ni dai ban san yadda ɗan dattijon nan ya ƙare ba, kuma har gobe ba ni da ƙarfin halin tambaya.