Na Bar Baba a Layi na Biyu

Wanda ya gina jerin shagunan nan na unguwarmu a Gassi, ina jin bai taɓa tuƙa mota ba. Shaguna sun fi goma, har da kantin magani da gidan burodi, amma filin ajiye motoci da ƙyar yake ɗaukar shida. Sai mutane suka yi wa kansu dabara: in ka tarar an cika, ka tsaya a bayan wasu, ka cire giya, kada ka ja birkin hannu. Wanda ka tare wa hanya in ya fito, sai ya tura taka gaba kaɗan ya fice. Na sha kushe wannan tsari, na kuma sha bin sa.

A lokacin Baba yana wurina. Tsufa ya fara taɓa tunaninsa, kuma abin da ya fara ɗauke masa shi ne Larabci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciniki da Larabci a kasuwa, tun muna unguwar Mardjandafak, ya wayi gari ko gaisuwa ba ya ganewa sai da Hausa. A Gassi kuwa sai ka yi yini ba ka ji Hausa a titi ba, sai Larabci. Kullum fargabata ke nan, kada ya fita shi kaɗai ya rasa mai fahimtarsa.

Wata rana mun dawo daga asibiti da rana tsaka, na tsaya sayen maganinsa. Fili ya cika maƙil. Na tsaya a layi na biyu, bayan wasu motoci, na cire giya, na sauke gilasai saboda zafi.

"Baba, kada ka fita. Yanzu zan dawo."

"To, uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na tarar da layi a kantin, mai maganin kuma yana ta hira a waya kamar ba shi da aiki. Da na fito, sai na ga wata ƙatuwar motar kaya cike da buhunan fulawa a daidai inda na tsaya. Tawa babu ita.

Ban damu da motar ba ko kaɗan. Abin da nake gani kawai shi ne ɓarawo ya yi nisa, ya ankara da tsoho a ciki, ya sauke shi a bakin wata hanya, Baba yana tsayar da mutane yana yi musu Hausa, suna girgiza kai suna wucewa. Ko sunan unguwarmu ba zai iya faɗi ba.

Na ruga wurin mai gadin shagunan, ina tambayarsa da Larabci ina motata, ina tsohon da ke ciki. Ya ce shi yanzu ya dawo daga salla. Na yi masa tsawar da har yau nake jin kunyarta. Na shiga gidan burodi na fito, na leƙa shagon waya, mayafina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Ina ta salati da ƙarfi, mutane suna kallona.

Wata mai sayar da gyaɗa ce ta riƙo hannuna, ta nuna mini gaban motar fulawar. Ta ce mutum uku suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tura motata kaɗan, masu fulawa kuma suka ƙara turawa don su sami wuri.

Can na hango motar, ta wuce shago na ƙarshe, cikin tsakar rana babu inuwa. Baba yana ciki, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya damƙe hannun ƙofa da hannu biyu. Bai fita ba. Na buɗe ƙofar ina kuka, ina cewa alhamdu lillahi da Hausa.

Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta saki don ya ji harshen da ya sani.

"Baiwar Allah, ashe ke Bahaushiya ce," in ji shi. "Taimake ni. 'Yata ta ce kada in fita, ga shi wasu mutane suna ta tafiya da ni. In ta dawo ba za ta gan ni ba."