Bencin Waɗanda Iyayensu Ba Su Zo Ba

Aikin da aka ba ni a Wara ba karatun allo da alli ba ne. Ran Asabar muke haɗuwa a harabar wata firamare da ke kallon tafki, yara da iyayensu, mu ƙera abubuwa da hannu. Mun yi fitilar batir da gwangwanin madara, mun yi tarkon kifi, daga baya muka koma sassaƙa ƙananan kwalekwale muna sa masu injin tsohuwar rediyo. Akwai Hausawa da Gungawa, akwai Kambari masu saukowa daga tudu a kan babur, sai Fulani gida biyu. Ban hana kowa harshensa ba. Uba ya nuna wa ɗansa riƙon zarto da Kambarci, na kusa da shi ya ji rabi ya cika sauran da ido. Ni dai nawa shi ne raba ƙusa da raba faɗa, kuma na fi gwaninta a na biyun, don Allah ya yi ni da murya.

Cikin yaran har da ɗana na fari. Tun yaye yake hannun Inna, mahaifiyata, kamar yadda aka saba a gidanmu. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan kira shi sai in ce "kai", in zancensa ya taso in ce "yaron nan". Haka Inna ta yi da babban wanmu, haka na tashi na gani, ban taɓa jin abin ya tsaya mini a rai ba. A wurin aiki Malama yake ce mini kamar kowa, har wasu iyayen sun daɗe ba su san nawa ba ne.

Da ranar nuna ayyuka ta matso, ni da bakina na kafa doka. Na ce kowane yaro zai fito da abin da ya ƙera, uwa ko uba ya tsaya a gefensa, ya faɗi sunansa, ya yaba masa da harshen gida. Na kuma sa aka ajiye benci a gefe, wanda iyayensa ba su samu zuwa ba ya ɗora kayansa a kai, mu tafa masa gaba ɗaya. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Ko sau ɗaya ban tuna cewa ni ma uwa ce a wurin ba.

Ranar ta zo, Inna ta biyo mu daga Yelwa don ta ga aikin jikanta. Wani Bakambare ne ya fara. Ya dafa kan 'yarsa ya yi ta magana, ba mu ji ba amma mun gane, don yarinyar sai rufe baki take tana dariya. Wata Bagungiya ta biyo baya, har da 'yar rawa. Sai layi ya zo kan wata Bafulatana mai tallan nono, ita da 'yarta. Ta ƙi tashi. Na matsa mata, halina ke nan.

"Malama, wagga ita ce ta fari," ta ce a hankali, kanta a ƙasa.

Na ce ai zamani ya wuce wannan, yabon ɗa ba laifi ba ne. Sai wani dattijo mai saƙar taru, wanda ya san gidanmu, ya yi gyaran murya.

"To Malama, ga naki nan tsaye. Ki fara muna, mu gani, sai ta bi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, har murmushi yake. Na juya, ga yaron nan riƙe da kwalekwalensa. Ya shafa masa shuɗin fenti, injin yana juyi, kuma kowa ya san nasa ya fi na kowa tafiya a cikin daron ruwan da muke gwada su. Bai taɓa kallona ido cikin ido a gaban mutane ba, amma ranar ya kalle ni.

Na je na tsaya a gefensa. Inna na zaune a tabarmar gaba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sunan yana bakina, ni na ɗauki cikinsa, ina ɗaki ina ji aka raɗa masa shi. Amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kunyar Inna, kunyar jama'a, da kunyar matar da na gama yi wa wa'azi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wannan ɗalibi ya yi ƙoƙari." Da Hausar ofis na faɗa, irin wadda nake rubutawa a rahoto.

Aka tafa sama-sama. Inna ta so ta gyara, ta ɗaga murya ta ce, "Miji nawa, wanga jirgi ko kaza ba ya ɗauka, da shi za ka kai ni Shanga?" Aka yi dariya, dattijon ma ya ce a wuce wurin. Bafulatanar ta ɗago ta dube ni, babu gori a idonta, tausayi ne, kuma ya fi gorin ciwo.

Yaron bai yi dariya ba. Ya kashe injin, ya goge ruwan da ke jikin kwalekwalen da gefen rigarsa. Ina tsammanin wurin Inna zai kai. Sai ya wuce ta, ya wuce ni, ya tafi bencin nan da na sa aka ajiye, ya ɗora shi a tsakanin fitilar wani maraya da tarkon wata yarinya da ubanta ya tafi kamun kifi. Ya koma cikin yara ya zauna.

Haka na ƙarasa taron, ina kiran sunayen 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya da babbar muryata. Da aka watse kowa ya ɗauki nasa, shi bai ɗauka ba. Na jira sai da harabar ta yi shiru, na ɗauke shi na sa a ƙarƙashin hijabi kamar mai sata.

Yana kan sif a ɗakina har yau, fentin ya fara ɓarewa. Mai shi ya girma, yana gyaran injin jirage a bakin ruwa. In ya zo gaishe ni yana ganinsa, bai taɓa tambaya ba. Har yanzu Malama yake ce mini.