Saude Mai Kankare Kulas

Shekara ashirin da biyu Saude ta yi a gidan Isiyaku makanike a Buza, amma abin da ta sani na aikinsa bai wuce wankin tufafinsa ba, waɗanda sai sun kwana biyu a jiƙe kafin baƙin mai ya saki. Isiyaku yana da rumfa kusa da tasha. Ya iya gyara iri-iri, sai dai abin da ya yi suna a kai shi ne fitar da kalamin, wato baƙar kunkunniyar nan da ke taruwa a cikin inji ta daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ga tsofaffin motoci, ga man kwalba na bakin hanya, aikin ba ya yankewa. Da mota ta soma baƙin hayaƙi ta kasa hawan tudu, sai a ce a kai wa Isiyaku.

Wata safiya bayan girbin gero, yana alwala buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi. Sati uku suka yi a asibitin Madawa. Da suka dawo gida harshensa ya yi nauyi, yana jan ƙafa, hannun kuma yana ajiye bisa cinya kamar ba nasa ba. 'Ya'yansu uku duk mata ne, duk suna gidajen mazansu. Aka rufe rumfa, aka kwaso akwatin makullai aka tura ƙarƙashin gado.

Bayan wata biyu sai ga Alƙasim, direban da ke jigilar mutane tsakanin Buza da Keita, ya yi sallama ɗauke da buhu a kafaɗa. Ya sauke gaban tabarmar Isiyaku. Kulas ce a ciki, murfin saman injin motarsa, shi da kansa ya kwance ta.

"Maigida, gaisuwa na zo," in ji Alƙasim, yana sosa ƙeya. "Amma wallahi ban san inda za ni kai wagga ba. Kai kaɗai ka san cikinta."

Isiyaku ya dubi kulas, ya dubi hannunsa, ya juya fuska bango. Saude tana bakin murhu, ta ga kafaɗarsa tana rawa. Tun da ya kwanta ba ta ga ya yi kuka ba sai ran nan.

"Aje ta nan, Alƙasim," in ji ta. "Ka dawo jibi."

Da baƙon ya fita Isiyaku ya ce da ƙyar, "Ke, mi kinka sani?"

"Ban san komi ba, Malam. Kai ka sani. Ni kau ina da hannuwa biyu."

Ta jawo akwatin makullai. Ya sa ta jiƙa kulas da gazuwal, wato man dizal, a cikin tsohon baho, ta bar ta ta sha. Yana nuni da haɓa, tana cire sufaf ɗaya bayan ɗaya, ƙarafan nan masu kama da ƙusa mai faffaɗan kai da ke buɗe wa iska hanya a inji, tana jera su bisa kwali yadda ta cire su don kowane ya koma raminsa. Ya ba ta guntun itacen da ya fiƙe tun shekaru, ya ce da shi ake kankara. Kalamin ya riƙa ɓarewa yana zuba cikin baho. Da aka zo goge bakin sufaf, ya ce ta shafa maganin gogewa, ta manna wata 'yar sanda a kan sufaf, ta kama sandar tsakanin tafukanta ta murza. Sai ta yi dariya.

"Ashe burga miya kaka yi shekara da shekaru, kana dawowa kana ce mini ka gaji!"

Shi ma ya yi dariya da rabin baki.

Rana ta biyu da la'asar maganinsa ya sa shi barci. Akwai wani wuri a fuskar kulas da baƙin ya kafe, itace ya ƙi cinsa. Saude ta ga lokaci yana tafiya, ta ɗauko wuƙar yankan albasa ta kankare shi tas. Ta ga ɗan zane ya fito a jikin ƙarfen, siriri kamar gashi. Ta shafa da yatsa, ta ce ba komai, ba ta faɗa ba.

Alƙasim ya ɗaura kulas ya tafi yana sa albarka. Bayan kwana huɗu ya dawo da yamma, rigarsa duk mai. Ruwa ya bi ta zanen ya shiga inji, mota ta yi zafi ta tsaya a dajin da ke gabanin Garhanga, da mutum goma sha takwas a ciki, har da mai jego.

"Maigida, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba," in ji shi.

Isiyaku ya buɗe baki zai ce laifinsa ne, bai duba ba. Saude ta riga shi.

"Ni ta, Alƙasim. Na sa wuƙa yana kwana, na ga zanen na yi shiru. Ka yi haƙuri. In anka gyara huskar, ka maido mini in ƙare aikina."

Alƙasim ya tashi ya fita. Ya sake kwance kulas ya kai Madawa aka daidaita fuskarta da inji. Saude ba ta sa ran zai dawo ba. Ya dawo. Wannan karon duk inda ta goge sai ta kai wa Isiyaku ya shafa da hannun hagu, idonsa rufe, sannan ta wuce gaba. Motar ta yi damina guda ba ta tsaya ba, Alƙasim kuwa ba ya iya riƙe labari a tasha.

Da farko direbobi sukan aiko da kulas ta hannun wani, don kada a ce sun kai wa mace. Yanzu da kansu suke sallama, su zauna su sha shayi da Isiyaku a zaure, ita tana ciki tana aiki. In rani ya yi, masu lambun albasa daga wajen Sabon Gida sukan kawo kawunan injin ban ruwa, wani lokaci uku a rana. Isiyaku yana takawa da sanda har masallaci, amma hannun bai dawo ba, likita kuma ya ce kada su sa rai.

Bara da aka yi sunan jikarsu a Tabotaki, mata suka zauna ƙunshi. Aka sa wa Saude lalle, aka kwance, bai fito ba, baƙin mai ya riga ya zauna a tafukanta da ƙarƙashin farce. Ɗiyarta Mardiyya ta ji kunya, ta ce, "Inna, ki bar aikin ga hakanan." Saude ta miƙa mata ƙafafu ta ce a sa a nan, nan zai kama. Washegari ta bi motar farko ta koma Buza, don ta baro kulas biyu a jiƙe.