Kobo Mai Huji na Malam Abdulgani

Malam Abdulgani ya yi shekara ashirin yana jera rasidai a wani kamfanin gyaɗa kafin ya ajiye aiki ya koma zaurensa a Kwaciri. Bai san Turanci ba, amma ya san lamba. Yadda yake jerin kuwa, sai ya dubi takardu biyu da ke kusa da juna, in ta ƙasa ce ya kamata ta hau sai ya musanya su, ya gangara. Da ya manyanta aka riƙa kiransa yin ƙuri'a, don ba a taɓa jin ya karkata ba. Bayan rigimar shekarar hamsin da uku, mutanen Fagge da na Sabon Gari duk sun yarda da hannunsa.

Ƙuri'ar ma haka yake yin ta. Zai shimfiɗa sunaye a tabarma yadda aka rubuto su, ya taɓa biyun farko, ya wurga kobo mai huji. In gefen tauraro ya fito ya musanya su, in gefen kambi ne ya bar su, ya sauka taki ɗaya ya sake. Sau uku yake bin jerin daga sama har ƙasa. Wanda ya ƙare a sama, shi ya ci.

Bara na dawo daga kwaleji a Zariya, ni da Ambrose, wanda muka yi aji ɗaya. 'Yan kasuwar unguwannin biyu sun gina ɗakin karatu, suna neman mai kula da shi, mutum ɗaya, da albashi da keke. Mu goma sha biyu muka ci jarrabawar. Don kada a ce an yi son kai, aka kira Malam. Ambrose gidansu na kusa, shi ne na biyu a rubuta suna. Ni na takwas.

Ambrose ya ci. Washegari ya same ni a wajen kantin takalma na Bata, a kan sabon keken.

"Malam mai lissafi," ya ce, yana kaɗa ƙararrawa, "kobo bai je Zariya ba. Hau in rage maka hanya."

Ban hau ba. A aji ni nake koya masa lissafi. Mako biyu abinci ba ya shiga mini. Na yanka takardu goma sha biyu ina ta maimaita ƙuri'ar a ɗaki, har na gano abin. A kowane bi, suna na iya gangarawa har ƙasa, amma ba ya hawa fiye da taki ɗaya. Bi uku, taki uku. Daga na biyar zuwa ƙasa, mun faɗi tun ba a wurga kobo ba.

Na kai wa Malam takardun.

"Baba, ga ni na takwas. Ka sa kobon ya so ni duk yadda ka ga dama, ka kai ni sama."

Ya yi dariya. "Yaran boko, ku ko rabo sai kun ga takardarsa."

Ya gwada, na tsaya a na biyar. Ya sake, na biyar. Ya daɗe yana duban tabarmar.

"Rumfunan da na raba a kasuwar Kwari fa? Mutum talatin ne."

Ni ba don su na zo ba.

Shi da kansa ya je gaban 'yan kwamitin ɗakin karatun ya ce a sake ƙuri'ar. Aka naɗe sunayen, aka zuba a hularsa, ya girgiza sosai, ya sa hannu yana duban rufi. Sunan Chukwuma ya fito, wanda da shi ne na goma sha biyu.

Ambrose ya jingine keken a bango, ya miƙa makulli. Da zai wuce ta gabana ya ce, "Ka huta yanzu?" Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba.

Malam Abdulgani ya daina ƙuri'a. Masu rumfuna sun ji labari, wasu ko gaisuwa sun janye. Ni har yau ban sami aiki ba. Kullum da safe Chukwuma yana wucewa ta layinmu, bai ma gama iya keken ba, ni kuwa ina bayan taga ina kallo har ya sha kwana.