Na'urar da Lalle Ya Ruɗa

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, mu uku: ni ungozoma, da likita, da direba. A cinyata akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, ta haska shi, ta faɗi yawan jinin mutum ba tare da allura ba. Hukuma ba ta ba ta lasisi ba tukuna. Aikinmu mu gwada ta a kan masu ciki da suka yarda, sannan mu ɗebi jininsu da allura, mu ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Hanyar Ikara ta sha ruwa, tururi na tashi a hankali daga gonakin masara, shanu na ratsawa cikinsa kamar ba ƙasa suke takawa ba. Sai na shiga mafarki ido biyu. Ina hango ranar da kowace ungozomar ƙauye za ta jefa irin wannan a jaka, ba macen da za ta ƙara zuwa haihuwa jininta ya ƙare ba a sani ba.

A Malikanchi na'ura ta fitar da ni kunya. Na yi ta kuranta ta, har likita ya ce in sassauta, ba ni na haife ta ba. Makarfi kuwa rake ne hagu da dama. A Nasarawan Doya direba ya sayo gasasshiyar masara, ya cinye rabona wai ya ga ina gyangyaɗi.

Bayan azahar muka isa ƙaramin asibitin Hunkuyi. An yi biki a unguwar, yatsun mata duk sun sha lalle. Na sake zuba musu kirarin na'ura, sannan na maƙala wa wata mai cikin wata takwas. Ta nuna jini ya isa, ni kuma na faɗa da ƙarfi. Matar ta miƙe ta gyara mayafi.

"Alhamdulillahi, Malama. To allurar ta mece ce kuma?"

Na duba cikin idonta, fari fat, alamar ƙarancin jini. Ashe lallen ne ya tare hasken. Na bi ta har bakin ƙofa.

"Yaya, don girman Allah ki dawo."

"Ba ke kika ce ba ta ƙarya ba?"

"Ni na yi azarɓaɓi. Ba a gama saninta ba."

Ta dawo ta miƙo hannu ta kau da kai. Da muka ɗiba muka gwada, jinin ya yi ƙasa sosai. A ranar mijinta ya wuce da ita babban asibiti.

Mun shigo gida kafin magariba. A rahoto na rubuta cewa a gwada na'urar a kan yatsu masu lalle kafin a sake ta. Na daɗe ina jin haushin jan ƙafar hukuma. Yau na gane da sun ba ta lasisi lokacin da nake so, da ni da bakina zan sallami matar nan gida.