Baƙin Ɗigo Biyu a Ƙashin Bayana

Wata bakwai ban yi wa kowa tsiya a shafin nan ba. Wasunku sun ɗauka shiryuwa na yi. Jinya nake.

Da ciwon baya ya fara. Na ce lodin shanu ne a kara, na sha magani na koma aiki. Sai zazzaɓi kullum da yamma, ga gumi, ga rama. Har ruku'u ya gagare ni.

Daga Potiskum aka tura ni gaba, can ma suka ce sai Abuja, hoton ƙashi. Babur ɗina na sayar. Allura ake yi maka, ka zauna awa uku kana ɗirkar ruwa, sannan na'ura ta bi ka daga kai har ƙafa.

Kun san ni, da kaina na koyi Turanci, ba na jiran a karanta min. A mota na buɗe sakamakon. Baƙin ɗigo biyu a ƙasan baya, an rubuta wai mai yiwuwa cutar kansa ce ta bazu. Kafin mu kai Bauchi na gama yi wa kaina jana'iza.

Ina sauka na shiga neman yafiya, unguwarmu Dogo Nini gida-gida. Kawu Adamu, wanda na taɓa kira azzalumi a gaban surukansa, ya ƙare min kallo ya ce, "Kai Bukar, me ka sha?"

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Yaushe ka zama likita? Ɗauko takardar mu koma."

Da muka koma asibitin, likitar da ta duba hoton ta ce, "Malam Bukar, duk inda ƙashi ke fama, baƙi yake fitowa a hoton nan. Tsohuwar karaya, ƙwayar cuta, kansa, ba ya bambance su."

Na ce, "To uban me ya ci min babur?"

Inna ta make min ƙeya. Likita ta yi dariya, ta tura ni wani hoton da ake kira MRI.

Da ya fito ta nuna min da biro. "Kansa ta fi cin tsakiyar ƙashi, ta bar guringuntsin da ke tsakani. Kai naka guringuntsin ne ya ciwu. Kana shan madara ɗanya?"

Ni da nake kwankwaɗarta da ɗuminta a rugar abokaina?

Gwajin jini ya tabbatar: cutar shanu ce ta shiga min baya. Ba kansa ba. A ƙasa na zauna ina dariya, hawaye na zuba.

Wata uku ina kan ƙwayoyi da allurai. Fitsarina har ja ya koma, aka ce aikin maganin ne.

Alhamdulillahi, na miƙe. Inna, likita, 'yan kara da suka yi ta zarya, Allah Ya saka muku.

Ku tafasa madara. Ciwon baya da zazzaɓi ba na kemis ba ne, ku je asibiti. In an ba ku sakamako, ku kai wa likita, ku yi ta tambaya har ku gane.

Ni dai an ce zan tsufa. Ku shirya.